Danjar hagu ta mutu, an canza ƙwai sau biyu ba ta dawo ba

Wani bawan Allah da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Marwa da tsohuwar Corolla ya aiko da tambaya. Ya ce danjarsa ta hagu, wato jar fitilar baya, ta daina kamawa in ya kunna fitila da dare, ta dama kuwa lafiyarta ƙalau. In ya taka birki, duka biyun suna kamawa. Ya sayi sabon ƙwai har sau biyu bai ga canji ba, sai dai wani lokaci in ya ɗan bugi gilashin da tafin hannu takan kama, da mota ta faɗa rami kuma sai ta ɗauke. Jandarma sun riga sun tsayar da shi a kanta da dare, wani yaro kuma a tasha ya ce masa sai an canza fitilar ɗungurungum. Yana tambaya ko ya saya.

Alhaji, kada ka saya. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, domin bayanin da ka yi da bakinka ya riga ya yi rabin aikin. Shekaruna da dama ina aikin wayar mota a Garwa, kuma abin da ya fi cin kuɗin masu mota a wannan matsala shi ne sayen kaya kafin a tsaya a bayan mota a duba me ya mutu, me kuma ke raye. Fitilun baya suna da hanyar da wuta ke bi ta zo musu, suna da hanyar da take bi ta koma. In ka san waɗanda suke tarayya a hanya ɗaya, mai rai ita za ta nuna maka inda ta matacciyar ta yanke.

Wutar danja tana tashi daga batir, ta bi ta fis, wanda mu a nan muke ce wa fizibil, ta bi ta rele, wato ɗan akwatin da ke sakin wuta in an kunna, da makunnin da ke jikin sitiyari, sannan ta bi doguwar waya har baya, ta rabu gida biyu, hagu da dama. A Corolla, kamar yawancin Toyota, fis guda ne ke ciyar da danjar hagu da ta dama, an rubuta masa TAIL a murfin akwatin fis. Tunda ta damanka tana kamawa, to fis ɗinka lafiya, rele lafiya, makunni lafiya, doguwar wayar ma lafiya har zuwa inda ta rabu. Ka ga mun wanke abu huɗu ba mu kwance ko noti ɗaya ba. Wannan hukuncin na Toyota ne fa. Motocin Turai da yawa, irin su Volkswagen da Mercedes, suna ba hagu fis ɗinta dabam, dama nata dabam, don haka mai irin waɗannan in gefe ɗaya ya mutu gaba da baya, fis zai fara dubawa.

Saura hanyar komawa. Wuta in ta gama aikinta a cikin ƙwai, ta jikin ƙarfen mota take komawa batir, abin da muke kira mas. Ƙwan danjarka zare biyu ne a cikin kwalba ɗaya: siriri mai wat 5 na danja, da kakkaura mai wat 21 na birki. Mas ɗinsu ɗaya. Zaren birki yana jan wuta kusan amfiya 2, na danja bai kai rabin amfiya ba. Idan mas ɗin yana iya ɗaukar nauyin birki har ya haska tangaran, to ɗaukar danja wasa ne a wurinsa. Abin da ya rage ke nan kaɗan ne: ƙwan da aka sayar maka, gidan da ƙwan yake zama, fulogin da ke bayan fitilar, da 'yar guntuwar wayar da ta rabu zuwa hagu. Maganar bugu da tafin hannu kuwa ta ƙara matse abin. Fitilar da ke jin duka, wani abu ne ke taɓawa yana saki, kuma a nan kusa da inda hannunka ya sauka yake. In da caca nake yi, Allah ya kiyaye, da a kan gidan ƙwai zan zuba.

Buɗe but, ka ɗage kafet ɗin kusurwar hagu, ka murɗa gidan ƙwan ya fito. Kafin komai ka kalli ƙwan da kyau a cikin haske. Iri biyu ake samu, gwargwadon shekarar motar. Akwai mai gindin ƙarfe da ake dannawa a murɗa, a jikinsa an rubuta P21/5W, wasu kwalaye kuma 1157. Akwai mai gindin gilashi falle da ake cusawa kawai, W21/5W ko 7443. Mai gindin ƙarfen yana da 'yan kunnuwa biyu a gefe, ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa, an yi haka ne da gangan don kada ya shiga a juye. A ƙarƙashinsa akwai ɗigon dalma biyu. In ka juya naka ka ga ɗigo ɗaya ne tak, kunnuwan kuma a jere suke, to P21W aka ba ka, ƙwan sigina ko na ribas, zarensa ɗaya. Wannan kuskure yana faruwa kullum a kasuwa, saboda in ka riƙe su a hannu da yamma ba ka bambanta su, yaron shago kuma abin da hannunsa ya fara taɓawa zai miƙo. Ana iya tura shi da ƙarfi ya zauna. Wani lokaci birki kawai zai kama, danja babu, daidai da abin da ka bayyana. Wani lokaci ɗigon nasa ya haɗe harsunan tagulla biyu da ke cikin gidan ƙwan, sai ka ga duk sanda aka taka birki fitilun tablo, wato na agogon gudu da na mai, suna kamawa da rana tsaka. Mutane su ce mota ta samu aljanu.

Haka kuma ka duba lambar bolt. Garwa garin manyan motoci ne, na auduga da na siminti da masu wucewa Kusuri da Injamina, kuma yawancinsu bolt 24 suke aiki da shi. Ƙwan bolt 24 girmansa ɗaya da namu na bolt 12. In aka sa shi a ƙaramar mota, zaren birki zai yi haske dishi-dishi, na danja kuwa ya zama kamar garwashin da ya kusa mutuwa, da rana ba za ka ma gan shi ba.

In ƙwan daidai ne, leƙa cikin gidan da tocila. Zan faɗa maka abin da nake gani kusan kullum. A can ƙasa akwai harsuna biyu na tagulla waɗanda ya kamata su riƙa tokarar ɗigon dalmar nan. Ɗaya yana nan a miƙe yana ƙyalli. Ɗayan ya kwanta, ya yi kore-kore kamar tsohon kwabo, jar ƙurar hanya ta haɗu da danshi ta zama wani busasshen laka a kansa. In ka kankare da bakin sukundireba sai gari ya zubo a tafin hannunka. Ka duba tsohon ƙwan da ka cire, za ka ga ɗigon dalmar ya lotsa, harshen ya ci masa rami saboda girgiza. Mai bin hanyar Marwa, balle wanda ke zarcewa Mora da Waza, ya san irin girgizar da nake nufi. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana taimakawa wajen kashe ƙarfin harshen da busar da robar da ke hana ruwa shiga. Damina ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe.

Me ya sa danja ce ta fara mutuwa, birki yana nan? Harshensu dabam-dabam ne, wannan ɗaya. Na biyu kuma danja ita ke kwana a kunne awa uku, awa huɗu a kan hanya, gidan ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, birki kuwa ɗan taɓawa ne a saki. Kuma wuta mai ƙarfi takan iya keta 'yar tsatsa ta wuce, mai rauni ta tsaya a bakinta.

Gyaran ba shi da wuya. Kashe fitila, ka cire makulli. In hannunka bai saba ba, ka cire kan batir na mas don kada sukundireba ya haɗa harsunan ka ƙona fis a banza. Naɗe 'yar sanfefa mai laushi a kan tsinke ka goge harsunan har tagullar ta fito ja, ka goge bangon gidan ma ta ciki, domin a mai gindin ƙarfe ta nan mas yake bi. Ka hure ƙurar. Sai ka sa ƙaramin sukundireba ka ɗan ɗago harshen da ya kwanta, a hankali, kamar mai cire ƙaya, don in ya karye sai sabon gida. In gidan mai gindin gilashi ne, leɓunan ƙarfen da ke kama ƙwan su ake matsewa kaɗan, a kuma miƙe 'yan wayoyin da ke kwance a gindin ƙwan. Ɗan shafa giris kaɗan, irin na kayan wuta, ya hana danshi komawa. Mayar da ƙwai, ka kunna, ka girgiza gidan da hannu. In haske bai motsa ba, an gama.

In ka ga robar gidan ta narke ko ta yi baƙi, kada ka wahalar da kanka da goge-goge. Gidan ƙwai ana sayar da shi shi kaɗai, har da 'yan wayoyinsa, a wurin masu kayan tsofaffin motoci. Na kan fi son na asali da aka ciro daga motar da aka yanka a kan sabon kwali mai arha, domin tagullar na asalin ta fi kauri. Araha ba ta ado. Narkewa kuma tana da sanadi: ko dai haɗin ya daɗe yana sako-sako yana zafi, ko wani ya taɓa tura ƙwan a juye, zaren wat 21 ya koma shi ke kwana a kunne. Alamar wannan ita ce danja ta fi ta ɗaya gefen haske sosai, amma in an taka birki kusan ba abin da ke ƙaruwa.

To in an goge, an ɗago harshe, har yanzu shiru? Nan ne ake ɗauko fitilar gwaji. Ba sai ka saya ba: ƙwai mai kyau, waya biyu, ɗaya a gindinsa ɗaya a jikinsa. Ka maƙala waya ɗaya a ƙarfen mota inda babu fenti, ka kunna danja, ka taɓa harshen da ɗayar. In ta kama, wuta tana zuwa har nan, laifin na zaman ƙwai ne. In ba ta kama ba, ka ja baya taki ɗaya zuwa fulogin da ke bayan fitilar, ka cire shi ka gwada ƙafafunsa. In akwai wuta a fulogi babu a gida, tsakaninsu ne. In babu a fulogin, ka bi wayar da hannu zuwa inda ta haɗu da ta dama. Haka ake yi, taki-taki, daga inda babu wuta zuwa inda take. A tsofaffin Toyota wayar danja galibi kore ce, ta mas kuwa fara ce mai baƙin layi. A motocin Jamus mas ruwan ƙasa ne. Sai dai kada ka rantse da launi a motar da ta shekara ashirin tana wucewa ta hannun masu gyara, kowa da guntuwar wayar da ya samu ya ɗaura.

Ni na fi yarda da fitilar gwaji a kan mita, wato na'urar auna wuta, a wannan aikin, kuma ina da dalili. Mita kusan ba ta jan wuta. Waya in ta tsinke saura sili ɗaya, ko haɗi ya yi tsatsa, mita za ta nuna maka bolt 12 cif, ka rantse lafiya lau, amma da an ɗora ƙwai sai wutar ta zube. Na sha ganin yaran da suka fara riƙe mita suna jayayya da ƙwai, suna cewa ai wuta na nan. In dole mitar za ka yi amfani da ita, ka auna ƙwan yana ciki, fitila a kunne. Sai dai a sababbin motoci da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu, a nan kam mita ta fi aminci, kada a riƙa cusa ƙwan gwaji a duk wayar da aka gani.

Inda waya ta fi tsinkewa a but sananne ne. Kusurwar da kaya ke gogawa, musamman ga mai loda buhunan albasa ko gyaɗa har murfi ya ƙi rufuwa. Inda aka taɓa yin gyaran haɗari, mai walda ya ƙona rigar waya ko mai buga kwano ya matse ta. Wurin da waya ke lanƙwasa a hinjin murfi, ga motocin da ke da fitila a jikin murfin ko ƙofar baya: sau dubu nawa aka buɗe aka rufe, tagullar ta karye a ciki rigar tana nan lafiya, sai ka ja ta ka ji tana miƙewa kamar roba. Sai kuma ɓera, in motar tana kwana da hatsi. In ka samu wurin, a haɗa da dalma a rufe da kyau. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif gyaran sati biyu ne a zafin nan, gam ɗin yana narkewa ya saki.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ka yi duk da na ce mas ɗinka lafiya, domin ka ce birki yana kamawa amma ba ka ce a wane hali ba. Ka sa yaro ya taka birki fitila a kashe, ka duba. Sannan a kunna danja a sake takawa. Sannan a ƙara da sigina ta hagu. Mas in ya lalace, wutar ba ta haƙura, sai ta nemi wata hanyar komawa, ta bi ta ɗaya zaren a baibai ta tafi gefen dama ta sauka a can. Shi ya sa za ka ga mota danjarta na kamawa, da an taka birki sai gefen ya mutu gaba ɗaya, saboda zaren biyu duk sun samu wuta babu inda za ta zube. Ko ka ga an sa sigina, danja da fitilar ribas duk suna ƙyafta ido tare a raunane kamar kayan adon biki. Duk wanda ya taɓa bin tasi a baya da dare ya ga wannan. Tabbatar da shi minti ɗaya ne: ɗauki guntuwar waya, kai ɗaya a jikin ƙarfen gidan ƙwai ko wayar mas, ɗayan a ƙarfen mota mai tsabta. In komai ya dawo daidai, ka bi wayar mas zuwa inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota, ka kwance, ka kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Mai mita ya auna tsakanin mas ɗin fitilar da jikin mota, birki a take. In ya ga abin ya doshi rabin bolt, haɗin ba shi da kyau.

Tunda wasu za su karanta wannan da irin tasu matsalar, bari in taɓa lokacin da danja biyun suka mutu tare. Da wuya ƙwai biyu su ƙone rana ɗaya, ko da yake yakan faru ɗaya ya daɗe da mutuwa mai mota bai sani ba sai da na biyun ya bi shi. Ka duba fitilar lamba da ƙananan fitilun gaba, da na tablo. A Toyota da yawa duk layinsu ɗaya. In duk sun mutu tare, je ka akwatin fis, ko na ƙarƙashin sitiyari ko na cikin bonet, ka ciro mai TAIL ka ɗaga shi a haske. Launi yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, ruwan ƙasa 7.5. Abin da aka cire shi ake mayarwa.

Nan zan ɗan tsaya, domin nan ne mota ke ƙonewa. Lissafa abin da ke kan wannan layi: danja biyu, ƙananan gaba biyu, na lamba biyu, kowanne wat 5, da 'yan ƙananan na tablo. Duka-duka ba su wuce amfiya 3 zuwa 4 ba. Fis mai amfiya 10 ba zai ƙone don wannan nauyin ba. In ya ƙone, ka sa sabo ya sake ƙonewa, to wata waya ce tsirara take taɓa ƙarfe a wani wuri, fis ɗin kuma aikinsa ya yi. Wanda ya sa mai 30 a wurin, ko ya naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli, ko ya ɗaura silin waya, ya mayar da wayar motar gaba ɗaya ta zama fis. An taɓa jawo mini wata mota daga hanyar Ngaundare, direban ya yi wannan dabara da magariba don ya samu ya iso gida. Bai yi nisa ba ya ji ƙauri. Da muka ɗage kafet, wayar danja ta narke tun daga ƙarƙashin sitiyari har but, ta manne da duk wayoyin da ke kwance tare da ita, har da ta famfon mai. Kwana uku muna warware su ɗaya bayan ɗaya. Asalin laifin kuwa wayar fitilar lamba ce da murfin but ya datse, aikin minti goma.

Yadda muke kama irin wannan ba tare da ƙona fis goma ba: a cire fis ɗin, a haɗa ƙwai mai wat 21 a ƙafafunsa biyu, a kunna danja. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma shi ke tare wutar, babu abin da zai ƙone. Sai a riƙa cire fulogi ɗaya-ɗaya, fitilar hagu, ta dama, ta lamba, na gaba, ana girgiza wayoyi. Inda aka taɓa hasken ya faɗi ya koma ja-ja, nan ɓarawon yake. Kafin ma a fara, tambayar da nake yi wa mai mota ita ce: kwanan nan an sa maka rediyo? Sau da yawa amsar i ce. A bayan rediyo akwai wayar hasken tablo, wadda in fitila a kashe take, mita kan nuna ta kamar mas. Mai sa rediyo da rana ya ɗaure mas ɗinsa a kanta, kiɗa ya tashi, kowa ya yi murna. Da magariba aka kunna fitila, fis ya tafi. Haka masu ƙara fitilun ado a ƙarƙashin mota da masu jan waya zuwa tirela.

In fis lafiya amma duk layin shiru, sai a koma kan rele da makunni. Ka sa kunne kusa da akwatin fis wani ya murɗa makunni, ya kamata ka ji ƙas. In akwai wani rele irinsa sak a akwatin, a musanya su a gani. Tsofaffin Camry da Cressida masu alamar gargaɗin ƙonewar ƙwai a tablo suna da wani ɗan akwati a but da wayoyin fitilun baya ke ratsawa ta cikinsa. Dalmar cikinsa kan tsage, ya kashe fitilu alhali komai lafiya. Wasu sababbin shigowa kuma, musamman na Kanada da Amurka, tablonsu da fitilun gaba suna kamawa da kansu da an tayar da inji, direba ya ɗauka ya kunna fitila, bayansa kuwa duhu ne ƙirin. Wannan murɗa makunni kawai yake so.

Na birki labarinsa dabam, fis ɗinsa STOP, makunninsa yana saman fedar birki. Abu ɗaya zan faɗa a kai: akwai wata 'yar roba kamar maɓallin riga a jikin fedar da ke danne makunnin. In ta tsufa ta farfashe, za ka ga gutsattsarinta a kan kafet, fitilun birki su ƙi mutuwa ko an cire makulli, da safe batir ya kwanta. Mutane sun sayi sabon batir a kan wannan 'yar robar.

In kuwa ƙwai yana ƙonewa da gaske, wata-wata, ka karanta gawarsa. Kwalbar da ta yi baƙi tsufa ne. Wadda ta yi fari kamar hayaƙi a ciki, iska ce ta shiga, galibi ruwa ya taɓa gilashi mai zafi ya tsage; ka nemi inda ruwa ke shiga fitilar, ka kuma hana masu wankin mota harba mata ruwa kai tsaye. In ƙwayaye suna ƙonewa ko'ina a motar, gaba da baya, a auna batir inji yana aiki. Daidai shi ne wajen bolt 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, altanato, wato abin da ke cajin batir, shi ke cika wuta, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal yana iya cinye rabin rayuwar ƙwai. Masu son sa LED kuma su sani yana da gaba da baya, in bai kama ba a juya shi, kuma masu arhar cikinsu ba sa bambanta hasken danja da na birki sosai, wanda ke bayanka ba zai gane ka taka ba. Ni a tsohuwar Corolla ƙwan asali nake mayarwa.

Maganar jandarma kuwa, Alhaji, kada haushinsu ya rufe maka ido. Su ne mafi sauƙin abin da zai same ka a kan wannan fitila. Mu a dama muke tuƙi, danjar hagu ita ce ta wajen tsakiyar titi, ita ke nuna wa na baya iyakar faɗin motarka. In ta mutu, wanda ya taho a bayanka tsakanin Figil da Muturwa da tsakar dare jan ɗigo ɗaya zai gani a gefen hanya, ya ɗauka babur ne, ya ɗan kauce kaɗan da niyyar wucewa. Babbar mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin fitilarsa ta nuna masa cewa mota ce, ya riga ya iso. Da ta dama ce ta mutu da na ce da sauƙi kaɗan, ta hagu kam ba na so ka sake kwana a hanya da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka duba ta da rana a gida. In dare ya kama ka dole, ka goge gilasan baya su yi tsabta don madubin cikinsu ya mayar da hasken na baya, ka rage gudu, in za ka tsaya ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka kunna sigina huɗu.

Ba ka buƙatar mutum na biyu don dubawa kullum. Ka yi ribas kusa da bango ko ƙofar shago da magariba, ka kunna danja, ka taka birki, ka kalli bangon ta madubi, jan hasken zai nuna maka gefen da ya yi rauni. Fitilar ɗungurungum da yaron tasha ya ce ka saya, sai in gilashinta ya fashe ko ramin da gidan ƙwai ke zama ya narke, kuma ko ka saya, in fulogi ne ko waya, sabuwar ma haka za ta yi shiru. In ka goge gidan ka ɗago harshen bai yi ba, ka kai wa mai aikin waya ka ce ya gwada da fitilar gwaji a gabanka, daga gidan ƙwai zuwa fulogi. Ka tafi masa da ƙwayayen nan biyu da ka saya, har da na farkon in ba ka yar ba. Ya gwada su a kan batir, ina kyautata zaton aƙalla biyu a cikinsu za su kama, sai ka naɗe su a tsumma ka ajiye a mota tare da fis ja guda biyu.